Dannawa ɗaya a Ikeja, layi ya toshe a Gusau: nauyin da gyaran kundin adireshin imel ke ɗora wa hanyar sadarwa

A kamfanonin da ke da hedikwata a Legas da rassa a Arewa, akwai ƙorafin da ya fi zuwa ranar Litinin da safe: layi ya yi nauyi. Manhajar lissafi ta ƙi buɗuwa, kiran intanet yana yankewa, imel ya maƙale a hanya. Wanda ake fara ɗora wa laifi kamfanin da ke sayar da intanet ne, daga nan sai ma'aikatan reshe da ake zargin suna kallon bidiyo a lokacin aiki. Sau da yawa dukansu ba su san hawa ba balle sauka. Abin da ya cika layin wani ɗan aiki ne da mai kula da sabar imel, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonnin kamfani, ya yi da yammacin Juma'a a hedikwata, aikin da bai ci masa minti biyar ba: ya sauya sunan sashe ga dukan ma'aikata, ko ya loda hotunansu, ko ya gyara tsarin lambobin waya a dunƙule.

Domin a gane yadda hakan ke faruwa, sai an fara sanin cewa sabar imel ba ita ke riƙe da sunayen mutane ba. Duk lokacin da saƙo ya iso, sai ta tambayi wani wuri dabam: wannan adireshin namu ne? Akwatin mai shi yana wace saba? An yarda ya aika wa wannan rukunin? Wurin da ake yi wa waɗannan tambayoyi shi ne kundin adireshi. A cikinsa ne ake ajiye sunan kowane ma'aikaci da muƙaminsa da lambarsa da rukunan da yake ciki da bayanin kalmar sirrinsa. Tsarin ya samo asali daga ƙa'idar X.500 ta 1988, wadda ta yi wa kwamfutocin wancan zamani nauyi, har aka fito da LDAP, ƙa'ida mai sauƙi ta tambayar kundi, a 1993, inda masana na Jami'ar Michigan ta Amurka suka taka babbar rawa, sigarta ta uku kuma ta fito a 1997. Exchange 5.5, tsarin sabar imel na Microsoft, yana da kundinsa na kansa, amma tun daga Exchange 2000 aka damƙa aikin ga Active Directory, kundin da ke zuwa tare da sabar Windows. Masu amfani da wani tsarin imel mai suna Zimbra su kuma OpenLDAP ne ke riƙe musu kundin, kuma da yawa daga masu tsarin imel na Postfix a gare shi suke neman adireshi.

Kundin ba kwafi ɗaya ba ne, kuma a nan tushen matsalar yake. Domin ma'aikacin Kano ya iya shiga kwamfutarsa ko da layin Legas ya yanke, ana ajiye sabar kundi a reshen Kano, wata a Kaduna, wata a Fatakwal. Duk gyaran da aka yi a ɗaya, dole ya isa sauran. Ban da haka, kowace kwamfuta mai Outlook, manhajar karanta imel ta Microsoft, tana riƙe da nata guntun kwafin. Saboda haka ba a auna nauyin gyara da girmansa a allon mai yinsa. Ana auna shi da girmansa sau yawan mutanen da ya shafa sau yawan wuraren da zai je.

Mu ɗauki misalin hotuna, domin shi ne shugabanni suka fi so kuma ya fi saurin yaudarar mai kula da saba. A ce kamfani yana da ma'aikata 3,000, sashen kula da ma'aikata ya ce a sa hoton kowa ya riƙa bayyana a gefen saƙonsa. Gurbin hoto a Active Directory yana iya ɗaukar har kilobait 100, alhali shawarar Microsoft ita ce ƙaramin hoto mai ɗigo 96 a tsaye 96 a kwance, wanda bai wuce kilobait 10 ba. Idan aka loda manyan, an ƙara wa kundin megabait 300. Idan sabobin kundi takwas ne a faɗin ƙasa, abin da zai bi ta layuka ya haura gigabait biyu, kuma matsewa ba ta rage wa hoto wani abin kirki tunda a matse yake tun asali. Da an rage hotunan kafin lodawa, da kashi ɗaya cikin goma na wannan kayan kawai za a tura. Aikin rage hoton ba ya buƙatar kuɗi ko izinin kowa. Tunawa kawai yake buƙata.

Shi Active Directory an gina shi da sanin cewa layuka ba ɗaya suke ba. Yana raba kamfani zuwa yankuna, kuma yana bambanta abin da ke cikin yanki ɗaya da abin da ke tsakanin yankuna. A cikin yanki ɗaya, inda ake ɗauka layin gida ne mai faɗi, saba tana sanar da 'yar'uwarta canji bayan daƙiƙa 15 kuma ba ta matse bayanan. Tsakanin yankuna kuwa, tana tara canje-canje ta matse su, ta tura su duk bayan minti 180 idan ba a taɓa saitin ba, kuma ana iya rage tazarar zuwa minti 15. Tsari ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba ya aiki sai an zana masa taswirar gaskiya. Kuskuren da na fi gani a ƙananan kamfanoni da matsakaita shi ne a girka sabar reshe a bar ta a yankin farko da tsarin ya ƙirƙira da kansa, ba a rubuta jerin lambobin sadarwa da ke nuna kwamfutocin kowane reshe ba. A idon kundin, sabar Gusau tana ɗaki ɗaya da ta Ikeja. Sai ya riƙa zuba mata kaya ba matsewa ba jira, kuma kwamfutar da ke Apapa tana iya zuwa har Gusau neman tabbatar da kalmar sirri alhali ga saba a bayan bango. Gyaran taswirar aikin wuni ɗaya ne, kuma a ganina shi ne abu na farko da ya kamata duk sabon mai kula da saba ya duba kafin ya nemi a ƙara masa faɗin layi.

Akwai kuma tsofaffin gadon da ke ɓoye a kundin da ya daɗe. A zamanin Windows 2000, idan ka ƙara mutum ɗaya a rukuni, sai a sake tura jerin 'yan rukunin gaba ɗaya, shi ya sa a lokacin ake ba da shawarar kada rukuni ya wuce mutum 5,000. Windows Server 2003 ta gyara wannan ta yadda sunan da aka ƙara kaɗai zai tafi, amma sunayen da aka shigar kafin a ɗaga matakin kundin suna nan a tsohon tsari har sai an cire su an mayar. A ɓangaren OpenLDAP ma akwai makamancin haka: hanyar kwafi ta asali tana tura bayanin mutum gaba ɗaya ko da lambar waya kaɗai aka sauya, sai an kunna hanyar da ke tura bambanci kaɗai.

Amma babban abin da ke toshe layin reshe ranar Litinin ba maganar sabobi da juna ba ce. Littafin adireshi ne da Outlook ke saukewa.

Tun daga Outlook 2003 ya zama al'ada a ajiye kwafin akwatin saƙo a kan kwamfutar ma'aikaci, tare da littafin sunaye da adireshin dukan 'yan kamfani, domin ya iya neman abokin aiki ba tare da an je saba ba. Wannan ya rage wa layi tambayoyi masu yawa, kuma alheri ne babba ga wurin da intanet ke zuwa yana ɗaukewa. Daga Exchange 2013 zuwa sama, saba tana sabunta littafin duk bayan awa takwas, Outlook kuma yana leƙawa sau ɗaya cikin awa 24 ya ɗauki abin da ya canza. A ranakun da aka saba, canjin ɗan kaɗan ne: an ɗauki mutum biyu aiki, an yi wa ɗaya canjin wuri. Amma idan canjin ya yi yawa, Outlook yana ajiye gyara ya sauke littafin gaba ɗaya. A tsohuwar ƙa'idar Outlook 2003, da zarar bambancin ya haura kashi ɗaya cikin takwas na girman littafin, shi ke nan, sai sabon saukewa. Haka ma kwamfutar da ta yi fiye da kwana 30 ba a kunna ta ba, domin saba ta riga ta zubar da tsofaffin gyare-gyaren da za ta ɗora a kai.

To mu yi lissafi a reshe ɗaya. A ce littafin megabait 20 ne, reshen yana da kwamfuta 60, layinsa megabit biyar a daƙiƙa. Jimilla megabait 1,200 ke nan, kuma ko da babu wani abu da ke bin layin, zai ci fiye da rabin awa a cike fal. Ga shi ba lokacin da babu kowa zai faru ba. Zai faru ne daidai ƙarfe takwas, lokacin da aka tayar da janareto, kowa ya kunna kwamfutarsa, direbobi suna tsaye a bakin tagar akawu suna jiran takardar lodi. Manajan reshe ya ɗaga waya: "Injiniya, don Allah duba mana, tun safe ba mu iya fitar da rasit ko ɗaya ba." Injiniya a Ikeja ya duba allonsa, komai kore ne, ya ce, "Yallabai, daga nan lafiya lau muke gani." Dukansu gaskiya suka faɗa.

Windows tana sauke littafin ta wata hidima mai suna BITS, wadda aka tsara ta yi amfani da rarar layi kaɗai, ta ja baya idan wani aiki ya taso. Sai dai a yawancin ofisoshi tana auna rarar ne daga katin sadarwar kwamfutar kanta, wanda ke haɗe da layin cikin ofis mai gudun gigabit guda. Ba ta ganin siririn layin da ya fita daga ginin. Kowace cikin kwamfuta 60 tana ganin fili, sai duk su danno tare. Maganin shi ne a saka mata iyaka ta dokokin rukuni na Windows, wato saitin da ake tura wa kwamfutoci da yawa daga wuri ɗaya, a ce daga ƙarfe takwas zuwa biyar kada kowace kwamfuta a reshe ta wuce kaza. A lura dai, a wasu kamfanoni sabunta Windows ma ta wannan hidimar yake bi, don haka iyakar da ta yi tsanani za ta jinkirta shi.

Shawarar da aka fi maimaitawa ita ce a yi manyan ayyuka da dare. Wanda ya rubuta wannan shawara yana tunanin ofishin da wuta ba ta ɗaukewa. A nan ƙasar, sabar hedikwata tana iya kasancewa a cibiyar ajiyar bayanai a Ikeja ko Lekki mai wuta dare da rana, amma sabar reshe tana mutuwa da zarar an kashe janareto da magariba, sai in akwai batir ko sola da za su kai ta asuba. Aikin da ka tura ƙarfe biyun dare bai tafi ko'ina ba. Yana nan a jibge yana jiran safiya, kuma zai afka wa layin tare da ma'aikata. Saboda haka ba daren Legas ake dubawa ba, jadawalin wutar reshe ake dubawa. Wani reshen lokacin da ya fi dacewa da shi awa ɗaya ce bayan tashi daga aiki, idan an roƙi a bar janareto. Wani kuma lokacin sallar Juma'a ne, da ofis ke zama wayam amma wuta tana nan. A watan azumi lokutan tashi suna sauyawa, dole jadawalin ya bi su. Wannan ilmi ba a samunsa a littafin Microsoft. Sai an tambayi mutanen reshen, kuma a nan ne ɗan Arewa da ke aikin kwamfuta a Legas yake da abin da abokan aikinsa ba su da shi, domin ya san yadda ranar aiki take tafiya a can.

Duk wanda ya san Apapa kafin 2021 ya san abin da ke faruwa idan kowace tirela ta nufi tashar jiragen ruwa a lokacin da ta ga dama: layin motoci har kan gada, direbobinmu suna kwana da kwanaki a titi. Da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta kawo tsarin kira na Eto a watan Fabrairun shekarar, ba titi aka faɗaɗa ba, cewa aka yi mota ta jira a gareji sai an kira ta. Haka ya kamata a yi wa manyan gyare-gyaren kundi. Idan za a sauya bayanin mutum 3,000, a raba su kashi-kashi, 200 yau 200 gobe, ta yadda bambancin kowace rana zai zama ƙarami, Outlook ya ci gaba da ɗaukar gyara maimakon sauke littafi. Idan kuma akwai gyara uku da za a yi wa mutum ɗaya, a haɗa su a yi masa lokaci guda. Haka nan idan za a girka sabuwar sabar kundi a reshe, tun Windows Server 2003 akwai hanyar ɗaukar kwafin kundin a faifai a kai shi da hannu, layi ya ɗauki abin da ya canza bayan nan kaɗai. Faifan yana ɗauke da sirrin kamfani gaba ɗaya, don haka a kulle shi da mabuɗin sirri kuma amintacce ne zai riƙe shi, ba a ba direban motar haya saƙo ba.

Sai dai akwai iyaka ga jinkirtawa, kuma wannan ne ɓangaren da nake so masu kula da saba su ɗauka da muhimmanci fiye da sauran. Ba kowane canji ne ke iya jira ba. Idan aka sallami ma'aikaci da ƙarfe goma aka dakatar da asusunsa a Legas, Active Directory ba ya ɗaukar wannan a matsayin canjin gaggawa. Zai bi jadawalin da aka saba, wato yana iya kai awa uku kafin sabar reshe ta sani, kuma idan wani ya rufe jadawalin gaba ɗaya da rana don ya huta da ƙorafin layi, sai dare. A tsawon wannan lokacin mutumin yana iya shiga kwamfuta a reshen. Ko bayan labarin ya isa, takardar izinin shiga da tsarin ya riga ya ba shi tana da wa'adin awa goma in ba a sauya saitin ba. Don haka rufe kwafin kundi da rana ba dabara ba ce. Canje-canjen yau da kullum ƙanana ne, ba su ne ke cika layi ba, har ma ya fi kyau a rage tazararsu zuwa minti 15 ko 30. Manyan ayyuka na dunƙule su ne ake tsarawa. Ranar da aka sallami wani kuwa, a tura canjin nan take da repadmin, umarnin Windows na tilasta kwafin kundi, a kuma sauya kalmar sirrinsa, sannan a kira reshen a tabbatar an karɓi kwamfutarsa.

Tambayoyin da manhajoji ke yi wa kundi su ma suna da nasu nauyin, ko da yake sun fi gajiyar da saba fiye da layi. Na'urar kwafin takardu da ke janyo sunayen kamfani duka duk lokacin da aka taɓa allonta, ko wani ɗan rubutun umarni da wani ya bari yana karanta kundin duk minti biyar shekara da shekaru, duk suna nan. Active Directory yana mayar da sakamako 1,000 a kowane shafi, kuma bai kamata a ɗaga wannan iyakar don wata manhaja ta ƙi neman shafi-shafi ba. Masu saƙon banza ma suna jefo dubban sunayen ƙarya don su gano na gaske, kowane ɗaya tambaya ce ga kundi, shi ya sa ake ajiye kwafin jerin adireshi a sabar bakin ƙofa, wadda ke fara karɓar saƙonni daga waje.

Wani zai ce ai yanzu an koma gajimare, wato hayar sabobin wani kamfani ta intanet, duk wannan tsohon zance ne. Nauyin bai ɓace ba, hanya ya sauya. Kamfanin da ke kan Microsoft 365 amma yana riƙe da kundinsa na gida yana amfani da Entra Connect, wanda ke tura canje-canje zuwa gajimare duk minti 30, kuma sauya ƙa'idar tace abin da za a tura yana sa ya sake bin kundin gaba ɗaya. Yana da birki mai amfani: idan ya ga za a goge fiye da abu 500 a zagaye ɗaya, sai ya tsaya ya jira izini, kuma kada a cire wannan birkin don gaggawa. Littafin adireshi kuwa har yanzu Outlook na kwamfuta yana sauke shi, sai dai yanzu daga wajen ƙasa, domin cibiyoyin Microsoft na farko a Afirka a Johannesburg da Cape Town aka buɗe su a 2019. Legas ce bakin ruwan da manyan wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka: SAT-3, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS da ACE, da Equiano na Google da ya iso a 2022. Shi ya sa mai zama a Ikeja ko Victoria Island yake ganin intanet a yalwace, alhali reshen da ke nisan kilomita dubu yana kan faiba da aikin titi ke yankewa, ko rediyo, ko tauraron ɗan'adam na tsohon yayi da kowace tambaya da amsarta ke cin fiye da rabin daƙiƙa. Ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gefen Kodebuwa, Legas ma ta ɗanɗana irin abin da rassa ke sha kullum, kuma duk wanda ya tsara babban aikin kundi a wancan makon, ya kamata a ce ya ɗage shi.

Maganar ta ƙara zama ta yanzu saboda Microsoft ya daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kamfanoni da yawa suna kan ƙaura, ko zuwa sabuwar sigar biyan kuɗin shekara ko zuwa gajimare, kuma ƙaura tana haɗa duk nauyin da aka ambata a lokaci ɗaya: ana faɗaɗa tsarin kundi, ana sauya bayanin kowane mutum, ana sabunta littafin adireshi, sannan wanda aka sake masa saitin Outlook zai sake sauke akwatinsa daga farko. Kafin a taɓa komai, a ɗauki mako guda ana auna layin kowane reshe awa-awa, a san lokacin da yake cika da lokacin da yake sarari. A rage adadin watannin saƙo da Outlook ke ajiyewa a kwamfutocin rassa, wata uku ya ishi yawancin ma'aikata. A gwada da mutum biyar a reshen da layinsa ya fi rauni, ba a hedikwata ba, domin a can ne za a ga ainihin lokacin da aikin ke ci. Sannan a kira manajan kowane reshe kwana biyu kafin ranarsu, a gaya masa ƙarfe nawa za a fara da lambar da zai kira idan layi ya tsaya, a kuma tambaye shi ko ranar ta faɗa a ƙarshen wata ko ranar babban lodi, in haka ne a ɗaga zuwa mako mai zuwa.